Yadda Dawo-Gobe Ya Mayar wa Mutane Agogunansu

A ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene akwai wani ɗan shago, wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya iya juyawa. A nan mai gyaran agogo yake zama. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Kowa Dawo-Gobe yake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci. Dalili kuwa, in ka kawo masa agogo zai karɓa da hannu biyu, ya kara a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraren gulma ta bayan katanga, sannan ya ce, "Na ji ciwonsa. Dawo gobe." Goben nan ba a taɓa ganin wayewarta ba. Akwai agogon da mai shi ya kawo yana saurayi, yanzu ɗansa ke zuwa tambaya.

Ba ha'inci ba ne. Shi dai rabuwa da su ne ba ya so. Bangon shagon duk agoguna ne, kowanne da lokacinsa, don a ganinsa bai kamata a tilasta wa marar lafiya ya yarda da maƙwabcinsa ba. In ya turo ƙofa da rana ya zauna, sai ya ji kamar yana cikin wani kurmi cike da ƙwari masu ladabi. Ya yi imani duk wani abu mai rai agogo ne da aka wana sau ɗaya aka sake shi: kaza, jaki, mutum. Agogon batir kaɗai ya cire daga ciki. "Wannan gawa ce ake ja da igiya," in ji shi.

Abu ɗaya yake tsoro a duniya, shi ne mayen ƙarfe. A cikin agogon da ake wanawa akwai wata siririyar waya a nannaɗe, ta fi gashin jariri laushi, ita ce numfashinsa. In mayen ƙarfe ya kusance ta sai ta manne da kanta, agogon ya haukace ya yi ta gudu, ko ya tsaya cik. Saboda haka ko rediyo ba ta taɓa shiga shagon ba, tun ranar da aka ce masa akwai mayen ƙarfe a lasifikarta.

Sai annoba ta zo. Tituna suka yi tsit, makarantu suka rufe, kowa ya ɗaure baki da hanci da takunkumi, har ya zama ba ka gane mutumin da kake gudu sai ya riga ya gaishe ka. Da aka kawo allurar rigakafi Dawo-Gobe bai damu ba. Wanda ya sha huda yatsa da bakin hantsaki ba allura ce za ta ba shi tsoro ba.

Mai Walda ne ya ɓata lamarin. Shagonsa yana kallon na Dawo-Gobe, shi kuwa mutum ne da labari ba ya kwana a cikinsa. Wata safiya ya tsallako titi da waya a hannu, baƙin gilashin walda a goshi.

"Baba, ka ga abin da allurar nan take yi wa mutane?"

"Tsaya daga nan. Kada ka shigo min da wayar nan."

Daga bakin ƙofa ya nuna masa hoton wani ƙato ba riga, an manna masa cokali a dantse, cokalin ya zauna daram. Aka ƙara makulli, shi ma ya zauna.

"Ka gani? Mayen ƙarfe ya zama. Ni kam in gaskiya ne ma gaba ta kai ni, na huta da tsintar ƙusoshi a ƙasa. Amma kai, Baba..." Ya dubi agogunan bango, ya girgiza kai, ya tuntsire da dariya, ya koma bakin aikinsa. Shi da wasa ya faɗa, kafin rana ta take ya manta. Dawo-Gobe kuwa da gaske ya ɗauki maganar.

A wannan tsakanin ne autarsa ta haihu. Namiji ne, bakwaini, ɗan mitsitsi. Da aka sallamo su daga asibiti ya sa rigarsa mai kyau ya nufi gidan surukinsa, ya tarar da ƙofa a rufe. Auta ta ɗago jaririn ta bayan gilashin taga.

"Baba, ga shi nan. Ka gan shi?"

"Zanin da aka naɗe shi kawai na gani. Buɗe in ɗauke shi."

"Likita ya ce kada wanda bai yi allura ba ya taɓa shi. Ƙirjinsa bai yi ƙwari ba tukuna."

"Ni ne fa. Ni da na ɗauke ki kina kamar ɗan tsako."

"Na sani, Baba. Ka je a yi maka. In ta zauna a jikinka, ka zo ka ɗauke shi har ka gaji."

Ya manna kunne a gilashin ko zai ji wani abu. Bai ji komai ba sai kukan fanka. Duk abin da aka taɓa miƙo masa a duniya sai ya kara a kunne kafin ya yarda ya san shi. Ga jikansa nan kusa, bai san bugunsa ba.

Ya koma gida ya tarar da matarsa tana ninke kaya. A ransa Ƙararrawa yake kiranta, don ita ce agogon da bai taɓa makara ba, kuma har yau bai gano inda ake danna ta ta yi shiru ba.

"Yarinyar nan ta hana ni ɗaukar yaro," ya ce.

"Ni kam na ɗauki angona jiya, har ya yi min maraba a zani."

"Ke? Ta yaya?"

"An yi min tun watan jiya, Malam. Na faɗa maka, kana can kana sauraren agogon Hedimasta."

Dawo-Gobe ya miƙe zumbur. Ya hau kujera ya sauke agogon falo, ya rungume shi ya kai ɗakin baya. Ya dawo da allurar ɗinki a rataye jikin zare, ya matso da ita kusa da dantsenta a hankali. Allurar ta yi lilo.

"Kin gani? Tana motsi."

"Hannunka ke rawa."

"Daga yau kada ki ƙara kai min abinci cikin shago. Ki tsaya a titi ki yi kira."

"Tun ina da baƙin gashi nake ƙoƙarin janyo ka daga shagon nan ban iya ba," in ji ta, tana ci gaba da ninkinta. "In yau na zama mai jan ƙarfe, to Allah ya karɓi addu'ata, don kanka ƙarfe ne."

Ya yi kwana da kwanaki yana juya maganar. Ya ce ko ya ba da hannun hagu kawai, sai ya tuna da hagun yake riƙe agogo. Ya ce ko a yi masa a ƙafa, sai ya tuna jini ba ya zama wuri ɗaya, yawo yake yi kamar ɗan talla. Kullum da yamma sai ya bi ta gaban tagar nan, a ɗago masa zani, ya ɗaga wa zani hannu. Daga ƙarshe ya ce wa kansa, agoguna kam ya ji su har ya ƙoshi, yaron nan ne bai ji ba. Zai yi allura, ya ajiye sana'a.

Sai dai ba zai bar kayan mutane a hannun mayen ƙarfe ba, amana ce. Ya rufe kansa a shago ya hau aiki, irin aikin da bai taɓa yi ba tun yana ɗan koyo. Abin da ya ba shi kunya, yawancinsu ɗigon mai ne kawai suke jira. Na Hedimasta, wanda ya fi kowanne daɗewa, wani ɗan gashin bargo ne ya maƙale masa. Ya hure shi da baki, agogo ya kama tafiya kamar ba shi ne ya yi shekaru a kwance ba.

Ya jera su a kwando, ya fara bi gida gida. Hedimasta, wanda ya daɗe da ritaya, yana zaune a baranda da jarida.

"Hedimasta, ga agogonka."

Hedimasta ya sauke jarida, ya gyara tabarau. "Wane agogo?"

"Naka. Yana tafiya."

"Yau?" Ya ja kujerarsa baya kaɗan. "Subhanallahi. Me likita ya ce maka?"

"Ba ruwan likita. Amanar mutane nake sallamawa."

Hedimasta ya karɓa, idonsa ya cika da ƙwalla. "Ka yafe min duk abin da na faɗa a bayan idonka," ya ce. "Yana da yawa."

Haka ya yi ta bi. Mai burodi ya rantse bai taɓa mallakar agogo ba, sai da matarsa ta tuna masa. Wata tsohuwa ta karɓi na marigayi mijinta, ta ce ai har ya rasu yana cewa gobe zai je ya karɓo. Kafin magariba layin duka ya san Dawo-Gobe na shirin barin duniya. Mata suka riƙa zuwa suna tsayawa nesa da ƙofa, suna yi wa Ƙararrawa sannu da haƙuri.

"Ba mutuwa zai yi ba," ta ce musu. "Allura za a yi masa."

"Haka ake faɗa wa iyali," suka ce, suka tafi suna share ido.

A wata makarantar firamare da aka rufe ake yin allurar. Ya tafi da riga marar maɓallin ƙarfe, da takalmin roba, ya bar makullansa a gida. An jera kujeru nesa da juna a cikin aji. Zanen yara yana nan a bango tun kafin a rufe makarantar, har da wata saniya mai ƙafa biyar, wadda ya tsaya yana kallo yana tunanin ko ta biyar ɗin ta hutu ce, sai da aka kira shi.

Nas ɗin yarinya ce, idanunta kawai ake gani, su ma sun gaji.

"Baba, wane hannu?"

"Duk ɗaya ne, 'yata. Dukansu sun gama aiki."

"To kawo na hagu."

"In tambaye ki mana. Bayan an yi, me da me mutum yake ja? Cokali kawai, ko har tukunya?"

Ta yi ajiyar zuciya irin ta wadda ta sha jin tambayar. "Baba, da tana jan ƙarfe, da ni na fara janyo mota na huta da tafiyar ƙasa. Ba komai a cikinta sai magani. An gama."

"An gama me?"

"Allurar."

Ya dubi dantsensa. Ko cizon sauro ya fi wannan. Sai ya ji kamar an cuce shi, a ce sana'ar rayuwa guda ta ƙare ba tare da ko ihu ba.

"Zauna can ka huta, mu ga yadda jikinka zai karɓa," in ji nas. "In dogon hannun agogon can ya kai sama, sai ka tafi."

Kujera ɗaya ce ta rage, ita ma daidai ƙarƙashin agogon bangon. Na batir ne, na roba. Ya zauna a ɗarare, ya ɗaga kai. Siririn hannun nan mai ƙirga daƙiƙa yana tafiya abinsa. Ya sauka ƙasa, ya fara hawa, ya kai kan tara, sai ya yi rawa. Ya yunƙura, ya dawo. Ya sake yunƙurawa, ya dawo. Nan ya tsaya yana shure-shure kamar ƙwaron da ya faɗi a rigingine.

Dawo-Gobe ya dubi dantsensa, ya dubi agogon. Ya ja kujerarsa gefe. Ya cire hula ya rufe dantsen da ita. Agogo bai ci gaba ba. "Ko gawa ban ƙyale ba," ya ce a ransa.

Sauran masu jira suka yi ta ɗaga kai suna saukewa. Wata 'yar kasuwa mai jiki ta ce, "Kai, yau lokaci ba ya tafiya." Wani direba ya ce shi ma ya lura, tun da annobar nan ta zo haka ranaku suke. Gumi ya jiƙa wa Dawo-Gobe takunkumi. Ya ga in ya yi shiru bayin Allahn nan za su kwana a ajin saboda shi. Sai ya miƙe.

"Jama'a, ku yafe ni. Ni na kashe shi."

"Ka kashe wa?" in ji direba.

"Agogon. Allurar ta kama ni. Duk mai ƙarfe a jiki ya yi nesa."

'Yar kasuwa ta dafe 'yan kunnenta da hannu biyu. Direba ya damƙe aljihun makullansa. Kafin nas ta ajiye abin da ke hannunta, wata tsohuwa mai shara ta shigo da dogon tsintsiya. Ta nufi agogon kai tsaye. Ta juya sandar tsintsiyar ta ƙwanƙwashi agogon sau ɗaya. Siririn hannu ya haye tara ya wuce abinsa.

"Kullum in ya zo hawan nan sai an taimaka masa," ta ce. "Batirinsa ne ya tsufa, kamar ni da kai." Ta ƙare masa kallo. "Ba kai ne mai gyaran agogon ƙarƙashin bene ba?"

"Ni ne."

"Na so in kawo maka shi, aka ce in dai ina son sake ganinsa in bar shi a bango."

Ajin ya ɗauki dariya, har nas. Dawo-Gobe ya mayar da hularsa ya fita. Ko ɗan koyo ya san yadda agogon batir yake yi in ƙarfinsa ya ƙare. Kansa ya yarda, amma tsoro ba ya jin karatu.

Yana isa gida ya ɗauko wani ɗan noti na agogo, ƙarami kamar ƙwayar yashi, ya ɗora a dantsen. Notin ya manne. Ya girgiza hannu, bai faɗi ba.

"Zo ki gani! Zo ki gani da idonki!"

Ƙararrawa ta zo ta duba. Ta leƙa waje ta ƙwala wa Mai Walda kira, don ta san shi bai yi allura ba. Ya zo yana ɗigar da gumi. Ta ɗauke notin ta ɗora masa a kan hanci. Ya zauna daram.

"Inna, ni ma na zama ke nan?" in ji Mai Walda, idanunsa sun haɗu a kan hancinsa. "Ba a ma yi min ba!"

"Wanka kuke bukata, ku duka biyun."

Ta shafa wa mijinta hoda a dantse, ta sake ɗora notin. Ya gangaro ya faɗi ƙasa ya ɓace. Dawo-Gobe ya yini a durƙushe yana nemansa, har ya ji a ransa da ma ya ɗan zama mayen ƙarfen, ko na yini ɗaya. Mai Walda kuwa ya ce tun da abin ya riga ya same shi a banza, gara ya je a yi masa ya huta.

Duk da haka Dawo-Gobe bai koma aiki ba. Sai ya buɗe shago ya zauna a waje, yana kallon ƙusoshin bango ba komai a jikinsu. Ran nan sai ga Hedimasta da agogonsa a hannu.

"Ashe ba ka mutu ba."

"Ban samu dama ba. Ya tsaya ne?"

"Lafiya lau yake tafiya, shi ne matsalar. Ina da waya, me zan yi da agogo? Tun da ka ba ni shi ba ni da wurin zuwa da yamma. Karɓi abinka, in riƙa zuwa ina zaginka."

Ya ajiye shi a kan tebur. Dawo-Gobe bai taɓa shi da hannu ba, da tsinken katako ya tura shi ciki.

Da kwanakin da ake jira allurar ta zauna a jiki suka cika, Auta ta buɗe ƙofa. Ɗakin yana ƙamshin sabulu da man jarirai. Suruki ya durƙusa ya gaishe shi, Ƙararrawa ta riga ta baje a kujera. Auta ta miƙo masa yaron. Ya miƙa hannun dama kawai, na hagu yana ɓoye a baya.

"Baba, hannu biyu mana."

"Bar shi haka."

"Zai faɗi fa."

Ya dubi yaron. Can ya ce, murya ƙasa ƙasa, "In ya tsaya fa?"

"Me zai tsaya?"

Ya nuna ƙirjin yaron da haɓa. Wayar da ke cikin agogo ma mayen ƙarfe yana kashe ta, balle wannan da bai cika wata tara ba aka sake shi.

Suruki ya buɗe baki zai yi dariya, Ƙararrawa ta harare shi ya rufe. Ta taso, kuma a karo na farko a tarihin aurensu ta yi magana ba a ji ta a titi ba.

"Malam, da wane hannu nake ɗaukarsa tun da aka kawo shi? Dube shi, kullum nauyi yake ƙarawa."

Ta zagaya ta kamo hannun hagun, ta sa shi a ƙarƙashin kan yaron. Dawo-Gobe ya tsaya ƙiƙam, ko numfashi ba ya yi. Sannan a hankali ya sunkuyar da kai, ya kara kunne a ɗan ƙirjin, ya lumshe ido.

Yana nan. Ƙarami, mai sauri, mai tsabta, ba ƙura ba tsatsa. Ya jira ya ji inda zai yi rawa ya kasa hawa. Ya haye. Ya sake zagayowa ya haye. Yaron ya yi miƙa, ya damƙi gemunsa.

"Yaya, Baba?" in ji suruki.

"Aiki mai kyau ne," ya ce, bai buɗe ido ba. "Ba na batir ba ne. Sai dai yana ɗan gudu."

"Likita ya ce haka na jarirai yake," in ji Auta.

"Likita ya san nasa, ni ma na san nawa." Ya gyara riƙo, ya nemi wuri ya zauna. "Na ji ciwonsa. Ku bar min shi, ku dawo gobe."

"Inna!" in ji Auta. "Kin ji shi ko?"

"Na ji," in ji Ƙararrawa, muryarta ta dawo daidai. "Tare ƙofa, 'yar nan. In ya fita da shi, sai dai ki karɓe shi da gemu."